Sabo Mai Gishiri

Har yau in ka sauka a tashar Tudun Wada ka ce a kai ka gidan Sabo Mai Gishiri, ɗan acaɓa ba zai tambaye ka wane Sabo ba. Yaran yanzu sun ɗauka gishiri ya sayar a kasuwa. Wallahi ko na kwabo bai taɓa sayarwa ba. Binne shi ya yi, kuma a kan wannan binnewar aka nemi a ɓata masa suna har abada. Ni Saudatu na san zancen tun daga tushe, don a gabana aka yi. Ga shi kuma taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa wasa ya ba ni dama.

A Burumburum aka haife shi, a gidan maƙera. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga taurin kai kamar uwar maƙerar gidansu. Ubansa ya so ya zauna a bakin zugazugi, shi kuwa hankalinsa na kan duk abin da ke da waya a ciki. Da ya kwance rediyon uban karo na uku, sai aka ga gara ya tafi kafin a rasa abin jin labarai. Ya nufi Kaduna, ya shiga cikin leburorin masu ja wayar tarho. Shekara goma sha ɗaya yana ɗaukar tsani yana hawa falwaya, yana zuba ido a kan hannun manya har ya iya abin da suka iya. Takarda ce kawai ba shi da ita. Da aka zo rage ma'aikata a tamanin da huɗu, marasa takarda aka fara nuna wa ƙofa. Ya dawo gida da filaya ɗaya da testa ɗaya da tabon ƙuna a tafin hannu.

Daga nan ya kama ja wa mutane wayar lantarki a gidaje da gyaran injin niƙa. Aikinsa ba ya warwarewa, amma sai ka shirya jin magana. Ka ce masa ya naɗe waya da leda don sauri, sai ya tattara kayansa ya ce, "Nemi wanda zai ƙona maka gida, ni ban iya ba." Mutane su yi fushi, bayan kwana biyu su sake aiko masa. A haka Kamfanin Hatsi na Dogon Marke, wanda ke bayan gari a kan hanyar Doguwa, ya ɗauke shi mai gyaran wuta. Ni kuma ina can ina buga tafireta.

Kamfanin fili ne fetal: sito shida, ma'aunin manyan motoci, ofis, ɗakin maigadi, sai ɗan masallacin da aka kewaye da duwatsu a gindin marken da ya ba wurin suna. Tagar ofishina tana kallon masallacin. In manaja, Alhaji Jibrin, yana neman mai sito na shida, sai dai a hau keke ko a tsaya a ƙofa a yi ta ƙwala kira. A casa'in da huɗu masu kamfanin da ke Kano suka ce abin ya isa. Suka sayo na'urar da za ta haɗa tarho goma sha biyu a cikin filin, ta kuma haɗa su da layi ɗaya da ke tafiya Kano. Wanda ya kawo ta, Injiniya Bala, yana kiran ta da wani sunan Turanci mai tsawo. Mu dai uwar waya muka sa mata. Ni aka ɗora wa aikin zama a gabanta da abin ji a kunne ina haɗa layuka.

Ranar da aka kafa ta ba zan manta ba. An ware mata wani ɗan ɗaki da ke jingine da bangon ofishin manaja. Aka shigo da kantar ƙarfe mai ƙafa huɗu, ta fi Sabo tsayi, gefenta biyu duk ƙananan huji a jere. Injiniya yana ta duba agogo, yana son ya koma Kano kafin magariba. Sabo kuwa ko a jikinsa. Sai da ya kafe ƙafafun kantar a siminti, ya girgiza ta da ƙarfinsa ya ga ba ta motsa ba. Injiniya ya so a ɗora uwar wayar can sama yadda duk mai wucewa zai hango ta ta taga.

Sabo ya ce, "Injiniya, ba amarya ba ce da za a zo kallo. Batura su zauna ƙasa don su ne masu nauyi. Ita kuma daidai hannun mai aiki da ita. Saudatu, zo ki tsaya nan, mu ga iyakar tsayinki, in akwai."

Na ce, "Ji wanda ke maganar tsayi."

Suka ɗaga uwar wayar su biyu, nauyinta ya kai rabin buhun masara. Sabo ya ƙirga hujin dama da na hagu don kada ta karkace, ya ɗaure kusoshin kunnuwanta huɗu ɗaya bayan ɗaya, ba ya ƙarasa ɗaya sai ya taɓa sauran. Ya bar tazarar yatsu huɗu sama da ƙasa don ta sha iska. Sannan ya karɓi kofin shan ruwana ya ɗora a kanta, ya durƙusa yana kallon ko ruwan ya kwanta daidai. Wayoyin kuwa ya tsefe su ya jera kamar kitso, kowace da 'yar takardar da na buga mata suna: Sito Na Ɗaya, Ma'auni, Ƙofa, Manaja. Ni da nake zolayarsa kullum, ranar sai da ya burge ni.

Saura wata koriyar waya mai kauri da ta fito daga bayan kantar. Injiniya ya ce, "Malam Sabo, ɗaura ta a ƙarfen taga mu tafi."

Sabo ya ce, "Wannan wayar ƙasa ce, ba wayar taga ba. Ƙarfen nan a siminti yake. Ka ga duwatsun can? Nan da Doguwa in damina ta kankama aradu ba ta wasa. In ta biyo layi, hanyar wucewa take nema. Ka buɗe mata hanya zuwa ƙasa ta wuce abinta. Ka rufe, ta fasa da kanta."

Injiniya ya yi dariyar da masu takarda ke yi wa marasa ita. Ya ɗaura wayar a taga da hannunsa, ya gwada layuka, kowane tarho ya yi ƙara, ma'aikata suka yi tafi, ya shiga motarsa. Da Sabo ya je wa Alhaji Jibrin da maganar a haƙa rami, Alhaji ya ce, "Injiniya guda ya gama aiki, kai kuma ka zo da gyara? Je ka kama harkar gabanka."

Wani zai haƙura. Sabo washegari da sassafe ya zo da diga a bayan kekensa. Inda wayar za ta fi saurin kai wa ƙasa shi ne bayan ɗakin, wato daidai ƙarƙashin tagar manaja. Wurin marmara ce busasshiya. Kwana uku yana sara har ramin ya shanye shi. Ya kafa doguwar sandar jan ƙarfe a tsakiya, ya ɗaure koriyar wayar a kanta. Ya kawo gawayi daga maƙerar wansa, ya sayo gishiri rabin buhu ranar kasuwa. Ya zuba gawayi, ya zuba gishiri, ya zuba ƙasa, ya sake, har ramin ya cika. Na tambaye shi amfanin wannan haɗi. Ya ce gishiri ke jawo damshi, gawayi ke riƙe shi, ƙasa mai damshi kuma ita ke shanye wuta. Haka ya ga ana yi shekara goma sha ɗaya. Kowace safiya kuma sai ya zo da bokiti ya yi bismilla ya kwarara wa wurin ruwa.

To, kai ma ka san garinmu. Mutum ya haƙa rami a bayan tagar maigidansa, ya binne gawayi da gishiri da jan ƙarfe, kullum da safe yana zuba ruwa bakinsa na motsi. Me kake jin za a ce? Idi maigadi ne ya fara kai maganar. Aka yi rashin sa'a a makon ƙafar Alhaji Jibrin ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ciwon da ya daɗe da shi ne, kowa ya sani, amma ranar kowa ya manta. Sai ga shanun wata ruga da ke bi ta bayan kamfani sun karya ta inda katanga ta zube, sun taru a kan ramin suna lasar ƙasa, ana dukansu sun ƙi tafiya. Idi ya ce shi ke nan, har dabba ma abin ya kama.

Luba, Bafillatanar da ke kawo mana nono, tana tsaye da ƙwaryarta a ka. Ta dangwali ƙasar ta lasa, ta kwashe da dariya. Ta ce, "Lamɗam! Gishiri ne, jama'a. Saniyar da ta ji gishiri ko ubanta ya kira ta ba ta zuwa." Ba wanda ya saurare ta. Labarin asiri ya fi daɗin ji.

Aka kira Sabo ofis. Manya duk suna zaune, ni ina gefe da takarda. Alhaji Jibrin ya miƙe ƙafarsa a kan kujera ya ce, "Sabo, me na yi maka?"

"Ranka ya daɗe, ba ka yi mini komai ba."

"To me ka binne mini?"

"Ban binne maka komai ba. Na binne wa uwar waya hanyar aradu."

Na miƙe na ɗauko littafin da ya zo da na'urar, na karanta musu inda aka ce lalle a haɗa ta da ƙasa, na fassara. Wani ya ce, "A ina aka rubuta gishiri?" Na duba, babu. Wani ya ce, "Ai 'yar'uwarsa ce." Alhaji ya ce a kira Injiniya Bala. Ni na haɗa layin da hannuna, a kan uwar wayar da Sabo ya kafa. Duk muna ji injiniyan nan ya ce shi ya gama aikinsa tsaf, abin da wani ya ƙara a bayansa bai san shi ba. Ya san shi sarai. Tsoro ya ji kada a ce lebura ya gyara masa aiki. Har yau in na tuna muryarsa raina ɓaci yake.

Alhaji ya ce, "Ka je ka tone, a wuce wurin."

Sabo ya ce, "Ba zan tone ba."

"Me ka ce?"

"A kawo Alƙur'ani in dafa, ba asiri ba ne. Amma in na tone da hannuna, na yarda ke nan asirin na binne. Kuma in na tone, yarinyar nan da ke zama da abin ji a kunne, ranta na hannun wa? Ka kore ni in ka ga dama. Tonewa dai ban yi."

Aka kore shi a take. Aka sa leburori suka tone ramin, suka fito da baƙin gawayi da farin gishiri da jan ƙarfe, suka baje a rana. Gaskiya ko ni da na san komai, da na gan su a jere sai da tsigar jikina ta tashi. Aka datse koriyar wayar aka bar ta tana lilo.

Kafin ya fita aka kira azahar. Ya yi alwala ya shiga sahu kamar kullum. Ina kallo ta tagata. Na damansa ya matsa, na hagunsa ya matsa. Aka bar shi tsaye a tsakiya da gurbin mutum guda a kowane gefe, aka yi raka'a huɗu a haka. Mutumin da bai taɓa ɗaura ko laya ba. Na kifa kaina a kan tafireta na yi kuka, ba don korar ba, don wannan gurbin.

Da ya idar ya turo kekensa har bakin tagar. Na ɗauka zai yi maganar abin da aka yi masa. Sai ya ce, "Ke sarkin kuka, saurara. Duk ranar da kika ga hadari ya haɗo daga Doguwa, cire abin kunnen nan ki bar ɗakin. Ko Alhaji na kira, ki bari ya yi ta kira."

Maganar ta bi shi cikin gari. Masu kiran sa gyara suka ɗauke ƙafa. Matarsa Hasana ta aika da tuwo maƙwabta aka dawo da shi ba a taɓa ba. Dattawan danginmu suka ce ya je ya ba da haƙuri kawai a huta. Ya ce, "Haƙurin me? In ce na tuba da iya aikina?" Ya koma gonarsa yana noma, in ya haɗu da mutum ya yi masa sallama da ƙarfi, ya tsaya har sai an amsa.

Mako biyar aka yi. Wata Laraba bayan la'asar sama ta yi baƙi ƙirin daga wajen Doguwa. Na cire abin kunnen na fita baranda, tarhon manaja na ta kira na yi kamar ban ji ba. Ruwa bai ma sauko sosai ba sai wani haske ya cika filin, ƙara ta biyo kamar an fasa dutse a cikin kaina. Aradu ta faɗa a kan falwayar bakin hanya ta biyo layi. Da muka leƙa, ɗakin ya cika da hayaƙi da warin ƙonanniyar roba. Abin kunnen da na ajiye ya narke ya manne da tebur. Tarhon Alhaji ya tarwatse a gabansa, ya saki kan tarhon ya tashi ke nan don ya leƙo ya ga dalilin da na ƙi ɗauka. Allah ya tsare, ba wanda ya mutu.

Na ce to alhamdu lillahi, yau gaskiya ta fito. Ashe ban gama sanin mutanenmu ba. Kafin gari ya waye magana ta zama Sabo ne ya turo aradu. Ɗan maƙera ne fa, an taɓa shi, ya rama. Jiya ana gudunsa don ƙyama, yau ana durƙusa masa don tsoro. Idi maigadi da ya hango shi a kasuwa har hula ya cire.

Ranar Asabar Alhaji Jibrin ya ce in raka shi gidan Sabo, tunda jinina ne. Ya sa aka ɗaura rago a bayan mota, ga ƙwaryar goro. Muka samu Sabo a zaure yana wasa fartanya. Alhaji, da girmansa da ciwon ƙafarsa, ya zauna a ƙasa. Ya ce, "Malam Sabo, mun yi kuskure. Ka yi wa Allah ka janye. Ka dawo bakin aikinka."

Sabo ya ajiye fartanyar. Ya ce, "In janye me, ranka ya daɗe?"

Alhaji ya ce, "Abin da ka turo mana ranar Laraba."

Ban taɓa ganin ran Sabo ya ɓaci irin na ranar ba. Ya ce, "Wato da ni matsafi ne ƙarami, yanzu na zama babba. Ni nake da aradu? Astagfirullah! A mayar da ragon nan, ba na cin naman tsoro. In don kuna tsorona ne, ban dawowa har in mutu."

Alhaji ya ce, "To me kake so?"

"Rami nake so. A inda yake, da rana tsaka, gaban kowa. Ni zan haƙa. Amma gishirin kai za ka zuba da hannunka. Gawayin kuma injiniyanka ya ɗauko a kansa."

Alhaji ya tashi muka shiga mota, muka kamo hanya har muka kusa kamfani. Sannan ya ce, "Saudatu, tsakaninki da Allah, me ya fitar da ke daga ɗakin nan?" Na gaya masa abin da Sabo ya ce mini ranar da aka kore shi. Na ce, "Ranka ya daɗe, mai son ya kashe ka ba zai bar maka hanyar da za ka saki tarho ba. Kirana da ka yi na ƙi ɗauka shi ya tashe ka daga kujera." Washegari ya aika wa Sabo cewa ya amince.

Bayan mako biyu aka dawo da uwar wayar daga gyara. Masu kamfanin sun riga sun tambayi wasu masana a Kano, don haka Injiniya Bala ya zo a sanyaye. Sabo ya sake ɗora ta a kan kantar, ya ƙirga huji, ya ɗora kofina. Sannan aka fita baya. Ma'aikata duk sun taru, har da Luba da ƙwaryarta. Injiniya ya kinkimo buhun gawayi, farar rigarsa ta tashi daga aiki. Sabo ya ce masa, "Injiniya, faɗa musu da Hausa, haka ake yi ko ba haka ake yi ba?" Ya ce, "Haka ake yi." Sabo ya ce, "Na baya ba su ji ba." Ya sake faɗa da ƙarfi.

Alhaji Jibrin ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya dogara sanda ya zo bakin ramin. Ya yi bismilla ya kamfato gishiri da hannu biyu ya watsa. Ya sake, ya sake, har buhun ya ƙare. Sabo yana cikin ramin yana daddanna ƙasa da ƙafa. Ya ɗago kai ya ce, "To jama'a, in asiri ne, yau mun zama mu biyu." Luba ce ta fara dariya, sannan kowa ya samu bakin yi. Tun daga ranar sunan Mai Gishiri ya bi shi, kuma yana amsawa da fara'a. Uwar wayar ta yi damina shida bayan nan, aradu ta faɗa a layin har sau biyu, ko fis bai ƙone ba.

Amma ni ba wannan nake tunawa ba. Ana gama cike ramin aka kira azahar. Na koma tagata. Sabo ya yi alwala ya shiga sahu, ya tsaya a daidai inda ya tsaya wancan karon. Mutane suka ɗan yi jim, kowa na jiran wani. Sai Alhaji Jibrin ya bar wurinsa na bayan liman, ya ɗingiso ya tsaya a damansa, gishiri bai gama fita daga hannun rigarsa ba. Ya bar ɗan sarari tsakaninsu, na kunya. Sabo bai dube shi ba. Ya miƙa hannu ya kamo gefen rigar, ya jawo shi har kafaɗa ta gogi kafaɗa, sannan ya ɗaga hannuwansa ya yi kabbara.